Rufin SLK 230 ya tsaya a rabin hanya: mai ne, waya ce, ko famfo?

Sadik: Assalamu alaikum iyayen gida. Ga wata matsala ina neman haske a kanta. Mercedes SLK 230 Kompressor ce ƙirar 1999, 'yar Kwatano, mai rufin ƙarfen nan da ke naɗewa ya shige but. In aka danna jan maɓallin buɗewa, gilasai suna sauka lafiya, murfin but yana ɗagawa ta baya amma a hankali ƙwarai, sai ƙarar famfon ta canza ta koma kamar kuka, daga nan komai ya tsaya. Rufin kansa bai ko motsa daga jikin gilashin gaba ba. Fitilar maɓallin tana ta ƙiftawa. An ce in sayi sabon famfo, wani kuma ya ce ƙwaƙwalwar, wato kwamfutar da ke sarrafa rufin, ce ta ƙone. Wanne zan fara da shi?

Malam Iliya Rewaya: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Rufin wannan motar ba ya yin komai sai ƙwaƙwalwa ta samu tabbaci daga ƙananan suwic-suwic cewa matakin da ya gabata ya kammala. Jerin buɗewar shi ne: gilasai su sauka, sakatar gaba ta saki, murfin but ya buɗe ta baya har ƙarshe, rufi ya naɗe ya kwanta a ciki, murfin ya dawo ya kulle. In komai lafiya, wajen daƙiƙa 25 ne duka. Saboda haka inda ya tsaya shi ke nuna maka inda za ka duba. Amsa mini waɗannan: ƙiftawar fitilar a hankali take ko da sauri? Labulen da ke raba kaya da wurin kwanciyar rufi a cikin but, an ja shi an maƙala a ƙugiyoyinsa biyu? Injin yana aiki lokacin da kake gwadawa ko a kashe yake? Nawa mita ta nuna a kan batir?

Sadik: Malam, ƙiftawar da sauri take. Labulen yana maƙale. Inji a kashe nake gwadawa, makulli a mataki na biyu. Batir ya nuna 12.1.

Malam Iliya Rewaya: To, labule ya fita daga zargi. Da shi ne, ko da murfin but ne bai rufu ba, famfon ba zai ma tashi ba. Amma 12.1 batir ne da ya sha fiye da rabin cajinsa. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen 12.6. Famfon nan yana jan wuta da yawa, yana tashi sai wutar ta faɗi, ƙwaƙwalwa ta rikice. Ka tayar da inji, ka tabbatar mita tana nuna tsakanin 13.8 da 14.4, sannan ka sake gwadawa a wuri mai shimfiɗe, mota a tsaye cak. In har ila yau ya tsaya bayan murfin but ya ɗaga, ni zargina yana kan suwic ɗin da ke shaida cewa murfin ya buɗe sarai, wanda a zanen wayoyin Mercedes ake kira S119. In bai danne ba, ƙwaƙwalwa ba za ta taɓa barin rufi ya motsa ba, don kada ya daki murfin.

Baba Garba Makaniki: Iliya, maganarka a kan hanya take, amma ka tsallake abu biyu da yaron ya faɗa da bakinsa. Ya ce murfin yana tashi a hankali, ya ce kuma ƙarar famfo ta koma kuka. Suwic ba ya sa murfi nauyi. Suwic ko ya ba da izini ko ya hana, shi ke nan. Famfon da ya canza murya a tsakiyar aiki iska yake zuƙa, wato man tankinsa ya yi ƙasa. In mai bai isa ba, murfin zai tsaya saura ɗan yatsa biyu ya kai ƙarshe, suwic ɗin da kake zargi ba zai danne ba alhali lafiyarsa ƙalau. Sadik, ɗaga kanka ka dubi silin ɗin rufin daga ciki, a gaba, tsakiya, daidai saman madubi. Akwai tabon mai? Shafa gefen robar ma ka gani. Sannan ka buɗe but, ka cire shimfiɗar ɓangaren dama, za ka ga famfon da ƙaramin tankin roba a jikinsa mai alamar MIN da MAX. Haska tocila ta bayansa ka faɗa mana inda man ya tsaya.

Sadik: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai tabo kuwa, faɗinsa ya kai tafin hannu, kuma gefen silin ɗin ya saki yana danƙo. Man tanki yana can ƙasa da MIN, da ƙyar ake ganinsa.

Baba Garba Makaniki: Madalla, gani ya kori ji. Silinda biyar ne a wannan rufin: ɗaya a gaba mai jan sakata, biyu manya a bayan kujeru masu ɗaga rufin, biyu a but masu ɗaga murfi. Na gaban nan shi ke fara yoyo a yawancinsu, domin shi ne yake kwance a ƙarƙashin ƙarfen da rana ke duka kai tsaye. Robar da ke riƙe mai a bakin sandarsa tana tsufa, zafi da laima su cinye ta har ta koma kamar busasshen sabulu tana marmashewa. Motar da ta yi shekara ashirin da wani abu, ta zo kuma ta haɗu da zafin watan Afrilu na ƙasar nan da ke haura digiri 40 a inuwa, ba abin mamaki ba ne. Famfonka da ƙwaƙwalwarka ka bar su inda suke.

Habu: In dai mai ne ya yi ƙasa ai da sauƙi. A zuba man giya na otomatik, jan nan, a cika tanki. Shi ma ai man haidirolik ne, kuma ko'ina akwai shi. Wasu ma man birki suke sawa.

Injiniya Bilki: Habu, man birki kam a'a, ko ɗigo ɗaya. DOT 3 da DOT 4 ba daga ɗanyen mai aka yi su ba, sinadarin gilaikol ne. Robobin da ke cikin wannan famfo da silindojin an yi su ne don man ma'adini. Man birki yana shiga zai lalata su duka biyar tare da na cikin famfon, ga shi yana jan ruwa daga iska, ga shi yana cin fenti in ya ɗiga. Wanda yake da silinda ɗaya mai yoyo zai wayi gari da biyar.

Man giya bai kai wannan muni ba, amma ba shi aka tsara ba. Ya fi man rufin kauri sosai, tiyoyin nan kuwa sirara ne ƙwarai, ramin cikinsu ɗan mitsitsi. Mai mai kauri yana sa famfo wahala, ya ƙara jan wuta, ya yi zafi, rufin ya yi jinkiri, musamman da sanyin safiya na hunturu. Man da Mercedes ta rubuta wa wannan motar shi ne ZH-M, mai lambar amincewa 343.0, lambar kayansa A 000 989 91 03. Febi 02615 shi ne irinsa. Kwalba ɗaya ta lita 1 ta isa a wanke tanki a cika har a samu saura.

Habu: Injiniya, ban ƙi ba, amma mai mota yana tsaye, hadari ya haɗo, ZH-M kuma sai an aika an nemo. Motoci nawa ne ke yawo da jan mai a tankin kuma rufinsu yana aiki?

Injiniya Bilki: Yana aiki, ban musa ba. Amma ka lura, rufin Sadik a rufe yake, ruwa ba zai shiga ba, babu gaggawar da za ta sa a gauraya mai. In ma rufin a buɗe ya maƙale, akwai hanyar rufe shi da hannu ba tare da an zuba komai ba. Kuma akwai wata illa: in ka zuba ja a kan ruwan ɗorawa, gobe ba wanda zai iya duban launin ya gane ko man ya ƙone ko an gauraya shi.

Sadik, kafin ka zuba sabo, gano abin da ke ciki, tunda ba ka san hannun da motar ta bi ba. Zuƙo kaɗan da sirinji. ZH-M launin ruwan ɗorawa ne mai haske, in ya tsufa ya yi duhu. Ja man giya ne. Kore kuma galibi CHF 11S ne, wanda Mercedes ta ba wata lambar daban, 345.0. Sai ka ɗiga kaɗan a kofin gilashi mai ruwa. In ya taso sama ya yi ido-ido, man ma'adini ne. In ya narke ya bi ruwan, an taɓa zuba man birki, aikin kuma ya zama na wanke komai da canza robobi gaba ɗaya.

Alhaji Sani Mai Kayan Gyara: Man yana samuwa wajen masu kayan Mercedes, in babu a kusa a sa a kawo daga kasuwar Ladipo ta Legas. A duba lambar 343.0 a jikin kwalba, a duba hatimin murfi bai taɓu ba. Game da silinda kuma ina ba da shawara duk da cewa kaya nake sayarwa: na Beljiyam ba mafita ba ne a nan. An daina ƙera wannan samfurin a 2004, ke nan duk wanda aka ciro daga wata motar robarsa ta haura shekara ashirin. Kana iya ɗaurawa yau ya riƙe, bayan wata biyu ya fara zuba. Gara sabo, ko wanda aka sake wa roba, ko a gyara naka.

Sadik: Na gode Alhaji, na gode Injiniya. Man ya taso saman ruwa, launinsa kamar shayi mai duhu. Na samu Febi ɗin, na zuba har tsakanin alamomin biyu, na tayar da inji, mita tana nuna 14.1. Yanzu murfi ya buɗe da ƙarfi, sakata ta saki, rufi ya taso. Sai da ya kai tsakiya na saki maɓalli don na ga mai yana ɗiga a kan kujera. Da na sake dannawa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Yana nan tsaye a sama kamar tanti, ga gari ya yi baƙi.

Baba Garba Makaniki: Kada kowa ya sa hannu ko kai a tsakanin ƙarafan nan. Mai ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma in aka kashe makulli ko aka jima, matsin yana sauka, rufin ya sulale da nauyinsa. Fara tokare shi da katako da aka naɗe da tsumma. Nemo mutum na biyu, aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Kashe makulli ka zare shi. A jikin famfon akwai wani dunƙulen sukuru mai ramin alanki, alankin 6 ne, irinsa yana zuwa a cikin kayan aikin motar. Kwance shi ta hagu a hankali, kada ka cire shi gaba ɗaya. Shi ke buɗe wa mai hanya ya koma tanki, silindoji su saki. Ku riƙe rufin tun kafin ka kwance, domin nauyin zai dawo hannunku nan take. Ɗaya a dama ɗaya a hagu, ku zare katakon, ku kai rufin gaba tare, kada wani ya riga wani. In gefe ɗaya ya riga, ƙarafan naɗin suna karkacewa, wannan kuwa gyaransa ya fi na silinda tsada nesa ba kusa ba. In ya zauna a kan firam ɗin gilashin gaba, ka shiga ciki, ka ɓalle ɗan murfin da ke tsakiyar silin daga gaba, ka sa alankin a ramin, ka juya a hankali kana kallon ƙugiyoyin biyu har su kama. In ka ji ya cije, kada ka ƙara ƙarfi, rufin ne bai zauna daidai ba, ku gyara masa zama. Daga nan ku danna murfin but ƙasa ta gefe biyu har ya kulle.

Wanda nasa ya maƙale a cikin but kuma murfi a rufe, akwai ƙarin mataki: igiyoyin waya biyu ne a cikin but, hagu da dama, da ake ja su saki firam ɗin murfin kafin ya yarda ya buɗe ta baya.

Malam Iliya Rewaya: Baba, na karɓi maganar mai, kai ne da gaskiya a kan abin da ya fara. Amma wannan tsayawar ta biyu ba ta mai ba ce. Tanki a cike yake, ɗigon da ya zuba a kujera bai kai ya hana rufi motsi ba. Sadik, da ka sake dannawa, famfon ya yi ƙara ko shiru?

Sadik: Shiru, Malam. Ko ƙyas ɗin rile ban ji ba. Mun rufe shi da hannu yadda Baba ya ce, alhamdu lillahi, ruwa bai same mu ba.

Malam Iliya Rewaya: To ka ji. Famfo ya yi ƙara rufi bai motsa ba, wannan aikin Baba ne. Famfo ya yi shiru, wannan nawa ne. Abu uku ke sa shi shiru a tsakiyar hanya. Ko ƙwaƙwalwa ta yanke shi don an yi ta wahalar da shi ya yi zafi, wanda maganinsa a bar shi ya huce kamar minti goma sha biyar. Ko fis ko rile. Ko kuma saƙonnin suwic sun saɓa wa juna, misali ɗaya yana cewa rufi a kulle yake a gaba alhali wani yana cewa murfin but a buɗe yake kuma rufi ya bar wurinsa. In ƙwaƙwalwa ta ji abin da hankali ba zai ɗauka ba, tsayawa take yi, fitila ta yi ta ƙiftawa.

Ga kuma inda maganata ta haɗu da ta Baba: suwic-suwic na gaba suna zaune ne a unguwa ɗaya da silindan da ke yoyo. Mai ya jiƙa su, ƙurar hunturu ta bi man ta zama laka, ɗan harshen suwic ɗin ya danne ya ƙi dawowa. In ka sauke silin, ka cire soket ɗin kowanne, ka sa mita a kan om. Danna da yatsa ka saki. A yanayi ɗaya ya nuna ƙasa da om 1, a ɗayan ya nuna a yanke, kuma ya canza nan take da ɗan ƙyas mai tsabta. In lambar tana rawa, ko tana nuna om 20, om 50, ya mutu ko ya yi datti. Fesa masa man wanke soket, ka danna sau ashirin, ka sake aunawa. Kada ka tsaya a kan suwic kawai. Wayoyin da ke bin gaɓoɓin rufi da na murfin but suna lanƙwasa duk lokacin da aka buɗe, tagullar ciki tana karyewa alhali rigar waje lafiya. Ka bar mita a haɗe, ka riƙa murza wayar a wurin lanƙwasa kana kallon allo.

Fis ɗin famfo ka nemo shi ta jadawalin da ke jikin murfin akwatin fis, ka auna shi da mita, ido yana yaudara. In ya ƙone a sa mai lamba ɗaya da shi, ban da naɗa waya. Wayar at (earth) ta famfo, wato mara wuta wadda aka ɗaure a jikin bodi, ka auna tsakaninta da ƙafar batir mara wuta lokacin da famfo ke aiki. In ya wuce volt 0.3, kwance ta ka goge tsatsa.

Habu: Malam Iliya, in an gano suwic ɗin da ya mutu, me zai hana a haɗe wayoyinsa biyu kawai a huta?

Malam Iliya Rewaya: Don gwaji na minti ɗaya, hannunka a kan maɓalli, idonka a kan rufi, ana yi. A bar shi haka kuwa, a'a. Na farko, yawancinsu ƙwaƙwalwa tana jiran ta ga sun canza ne, daga buɗe zuwa rufe a lokacin da ya dace. In ka haɗe shi dindindin ka gyara mataki ɗaya ka ɓata wani. Na biyu, ka ɗauki na murfin but: ka yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya cewa murfi ya buɗe sarai, sai ta turo rufi ya daki murfin da bai gama tashi ba, gilashin baya ya tafi. Na labule ma da mutane suka fi haɗewa, amfaninsa shi ne kada rufi ya sauka a kan jaka ko galan. Suwic ɗin kuɗinsa kaɗan ne.

Wani abu kuma: ƙaramar na'urar OBD da ake karanta laifin inji da ita ba ta ganin rufi. Sai Star Diagnosis, na'urar gwaji ta Mercedes, ko makamanciyarta, kuma ƙirar 1999 tana da soket mai zagaye mai ƙafa 38 a ƙarƙashin bonet. Amfaninta a nan ba lambar laifi ba ce kawai, tana nuna halin kowane suwic kai tsaye yayin da rufi ke tafiya. In babu ita, mita da haƙuri suna kai mutum wuri ɗaya.

Sadik: Na sauke silin. Soso da kyallen duk sun sha mai. Suwic ɗaya na gefen dama yana danne ba ya dawowa sai an zaƙulo shi. Na wanke, yanzu yana ƙyas, mita tana nuna 0.4 in an danna. Silindan kuma ina ganin mai yana tsattsafowa daga inda sanda ke fita. Yaya zan yi da shi? Tiyoyinsa ba su da noti, kamar a matse suke a jikinsa.

Baba Garba Makaniki: Haka suke, tare suke zuwa da silinda, doguwar hanya suke bi ta jikin ƙarafan rufi har zuwa famfo. Hanya biyu ce. In za ka canza shi ɗungurungum, ka ɗauki hoton kowane lungu da tiyon ya bi da kowane maɗauri kafin ka taɓa komai. A bakin famfo kowane tiyo da lambarsa, ramin da yake shiga ma da lamba, kada ka musanya. Inda ake kuskure shi ne wajen gaɓa: in ka ja tiyo ya yi tsauri zai tsinke ran da rufi ya naɗe, in ka bar shi da sako-sako ƙarfe zai cije shi. Bi sawun tsohon daidai.

In kuma gyara za ka yi a inda yake, fara kwance sukurun famfo don matsi ya sauka, ka rufe kujeru da leda. Zare fil da kilif ɗin da ke riƙe sanda, ka sauko da silindan gwargwadon yadda tiyo ya bari, ban da lanƙwasa shi. Bakin silindan a dandaƙe yake, ba zare ba ne, sai an yi dabara an buɗe a hankali ba tare da an ji wa sanda ciwo ba. Naɗe sandar da tef tun kafin ka kusanto da wani ƙarfe. Ka kwashe duk marmashin tsohuwar robar, domin ƙwaya ɗaya in ta bi mai ta je bawul ɗin famfo, ta isa ta hana shi rufuwa. Bi sandar da farce daga sama har ƙasa. In farce ya maƙale a wani karce, sabuwar roba ba za ta daɗe ba.

Habu: A nan kam O-ring ake sawa, Baba, kuma yana riƙewa.

Injiniya Bilki: Yana iya riƙewa in an dace da girma, amma a san bambancin. Asalin abin da ke wurin roba ce mai leɓe, wadda in matsi ya ƙaru leɓen ke ƙara kama sanda. O-ring zagaye ne kawai, a kan sanda mai kai da komo yana murɗewa, matsi mai yawa kuma yana tura shi cikin ɗan tsagin da ke tsakanin sanda da baki har ya gutsure. Wanda ya samu mai leɓe daidai girman, ita ce gaba, kuma leɓen yana kallon ciki, wajen mai. Wanda dole ta sa shi O-ring, ya auna kaurin sanda da faɗin gurbi da baniya, ma'aunin kauri na makanikai, ban da kintace. Ya nemi na robar NBR ko Viton, mai tauri 90, ba mai laushin nan na famfon ruwa ba, ya sa masa zoben tokari a baya in gurbin ya ba da wuri. A shafa masa man ZH-M kafin a zura sanda, ba giris ba.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne maganin toshe yoyo da ake zubawa a tanki. Aikinsa kumbura roba ne. Robar da ta riga ta marmashe babu abin da zai kumbura a jikinta, lafiyayyun ne za su sha wahala.

Sadik, ka sa ido a kan sauran huɗun, shekarunsu ɗaya. Na but ana ganinsu da ido in an cire shimfiɗa. Manyan biyun sukan zubar da nasu a ɓoye a bayan kujeru, sai ka ga kafet ya jiƙe ko mai yana ɗiga a gaban tayar baya. Akwai kuma yoyon ciki, wanda ba a ganin ko ɗigo: robar fistin ta mutu, mai yana tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Alamarsa tanki a cike, famfo yana aiki da muryarsa ta kullum, amma rufi ya gaza a daidai inda ya fi nauyi, in an ɗan taimaka masa da hannu sai ya wuce.

Sadik: An samu roba mai leɓe, an sa, an mayar da komai. Amma yanzu ga sabuwa: famfo yana ƙara lafiya, babu kuka, gilasai suna sauka, murfin but ko motsi. Ko famfon ne dai ya mutu daga ƙarshe?

Baba Garba Makaniki: Sukurun da ka kwance da alanki, ka mayar ka ɗaure?

Sadik: Wallahi ban ɗaure ba, Baba.

Baba Garba Makaniki: To mai yana zagayawa ne daga tanki zuwa tanki. Ɗaure shi ta dama har ya zauna, da ƙarfin yatsu a kan gajeren hannun alanki, kada ka murƙushe mazauninsa. Sannan inji yana aiki, ka buɗe ka rufe sau huɗu ko biyar, kana hutar da famfo minti biyu tsakani. Ba a fitar wa wannan tsarin iska da hannu, da kansa yake turo ta tanki. Zagayen farko zai yi fizge-fizge, man ya yi kumfa, kada ka damu. Bar kumfar ta kwanta ka ƙara mai. Tunda tsohon ya yi duhu, zuƙe na tanki da sirinji ka zuba sabo, ka yi zagaye biyu, ka sake, har sau uku. Ka riƙa duba ma'aunin rufi yana wuri ɗaya kullum, domin man tanki yana hawa yana sauka gwargwadon yawan sandunan da ke waje. Kada ka wuce MAX, in ya wuce zai yi amai a cikin but.

Ɗanjuma Falanbita: Kafin a mayar da silin, a wanke man da ya taɓa robobin gefen rufi da ruwan sabulu, domin mai yana kumbura irin wannan robar har ta saki. Saboda haka ma ba a shafa musu baƙin mai ko basilin, sai giris ɗin silikon, shafa kaɗan a goge. Gaɓoɓin ƙarfe kuma kada a cika su da giris mai kauri, ƙura tana mannewa ta zama kamar sanfefa tana cin bushin. A goge tsohon, a ɗiga mai marar nauyi. Ramukan da ke cikin kwatar murfin but a zura musu ruwa a ga yana fita ta ƙasa. In sun toshe ruwan sama yana taruwa a lungun dama na but, inda famfon iskan da ke kulle ƙofofi yake zaune kusa da na rufin. Kuma kada a taɓa notocin saitin ƙugiya ko na hinji don rufi ya ƙi zama, sai an gwada a daidaitaccen wuri tukuna. Mota mara rufin dindindin tana ɗan murɗewa in taya ɗaya tana kan tudu, fil ya kauce wa raminsa.

Sadik: Na ɗaure sukurun. A zagaye na huɗu ya buɗe cikin daƙiƙa 27, ya rufe ba tsayawa, fitila ta mutu. Saura abu ɗaya: gilashin direba ba ya ƙarasa hawa da kansa tun da na cire kan batir.

Malam Iliya Rewaya: Ya manta iyakarsa ne. Rufe ƙofa, rufi a kulle, makulli a mataki na biyu. Danna maɓallin gilashin ya hau har ƙarshe, ka ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa biyar bayan ya tsaya. Yi wa ɗayan gefen ma haka. Batir ɗin nan mai 12.1 kuma a caje shi cikakke a gwada shi da lodi, in ya sake faɗuwa bayan kwana ɗaya a canza.

Baba Garba Makaniki: Kada ka mayar da silin yau. Naɗa farin tishu a bakin silindan, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin na but biyun, ka ja layi da alƙalamin maka a jikin tanki daidai inda mai ya tsaya. Yi amfani da rufin kwana bakwai, sannan ka turo mana hoton tishun da na layin.